Kawu da Ƙwarya ta Biyu

Ranar da Kawu ya rasu mutane sun yi ta shigowa gaisuwa, amma duk wanda ya zauna sai ka ga akwai wata magana a bakinsa da ba ta gaisuwa ba. Matan zumunta sun zo da zanen cocinsu a ƙunshe cikin leda, ba su ɗaura ba, don ba su san ko za a bar su su yi waƙa ba. Danginmu na kan tudu, waɗanda har yau addinin kakanni suke bi, suka zauna gindin ɗorawa suna cewa in mu ba ma son gawar su suna so, sun san yadda ake binne babban manomi. Wani Alhaji mai sayen hatsi ya taso tun daga Yelwa a kan mashin, ya durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ya ce duk shekarun da ya yi yana sayen dawar Kawu bai taɓa kwance bakin buhu don ya duba ba. Ya goge idonsa da hannun riga, sannan ya tambaya yaushe za a kai shi coci. Kowa ya sunkuyar da kai.

Ba mu amsa ba don ba mu sani ba. Kawu ya mutu yana cikin horo. A ikilisiyarmu ta ƙauye, can bayan Wara, wanda ya yi laifi a fili dattawa kan sa shi horo: ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci, ba ya addu'a a gaban jama'a, har sai an ga ya gyaru a dawo da shi. Wanda mutuwa ta riska a haka ba a shigar da akwatinsa cikin coci, mawaƙa ba sa yi masa rakiya, Fasto ya yi gajeriyar addu'a a bakin kabari a watse. Mafita ɗaya ce tak. In akwai wanda ya ji da kunnensa mamacin ya tuba kafin ransa ya fita, dattawa kan karɓi shaidarsa su ɗage horon. Kawu kuwa ya cika ne a bayan motar kasuwa a hanyar asibitin Yelwa, kansa a cinyar matarsa, direba na gaba yana fama da ramuka. Ba wanda ya ji maganarsa ta ƙarshe sai ita, kuma dattawa sun aiko cewa za su zo washegari da hantsi su tambaye ta.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Matarsa nake kira Inna, don ita ta goya ni. Ina ƙarama ƙwarai mahaifiyata ta rasu a wani ƙauyen masunta a tsallaken ruwa, Kawu ya shiga kwalekwale ya je ya ɗauko ni. Abin da nake iya tunawa a tafiyar nan kaɗan ne. Na tuna ya zaunar da ni tsakanin ƙafafunsa, ya yi ta ɓare gasasshen kifi yana cire ƙaya da farcensa yana sa mini a baki har muka sauka. Da muka isa gida ya miƙa ni ga Inna ya ce, "Ga ɗiyarki." Shi ke nan maganar riƙona, ba a sake tayar da ita ba.

Ina rubuta wannan ne don na ji abin da ya fara zama a bakin mutane. In an ambace shi sai a ce, "Wanne? Mashayin nan?" Ni kuwa an san ni da baki, kuma ba zan zauna a Yelwa ina taka keken ɗinki a naɗe mutum guda a kalma ɗaya ba.

Shi ya buga tubalin cocin nan da ake gardamar shigar da shi. Shi ke riga kowa zuwa ran Lahadi, ya share, ya kakkaɓe bencina, ya buga ƙarfen kira. Muryarsa a waƙa ba daɗi, amma ba ta gajiya, in mawaƙa suka ɓace a tsakiyar baiti ita suke bi su dawo hanya. Shekarar da ruwan tafki ya cika ya cinye bukkokin masunta, ya buɗe rumbunsa ya yi ta auna musu dawa, bai tambayi ko wane ne ke salla ko wane ne ke zuwa coci ba. Inna ta yi masa faɗa har ta gaji, ya ce mata yunwa ba ta tambaya, shi ma ba zai tambaya ba.

Abin da ya ci shi kuwa gayya ce. Gonar Kawu babba ce, hannun gida ba ya iya nome ta, dole in ciyawa ta taso a kira gayya. Ƙarfin gayyar kuma danginmu na kan tudu ne, su kuwa ba sa ɗaga fartanya a gonar da ba tulun burkutu. Al'adar ita ce, in rana ta take aka zauna hutu, mai gona zai ɗebo ƙwaryar farko ya kurɓa a idon kowa, don a san ba a sa wani abu a ciki ba. Ba ɗansa ba, ba ƙanensa ba, shi da kansa. In bai kurɓa ba ba wanda zai taɓa, kuma an ci mutuncin dangi ke nan. Wasu Kiristocin ƙauyenmu sun san yadda suke yi, su jiƙa leɓe su miƙa ƙwarya, ran Lahadi su zauna a gaba kamar ba a yi ba. Kawu bai iya jiƙa leɓe ba. In ya shiga bakinsa, sai an kwana biyu ana nemansa a rumfunan giya.

Ba wai bai gwada ba. Wata damina ya rantse ba burkutu a gonarsa. Ya sa Inna da mu 'yan mata muka dama kunun zaƙi randa guda, aka yanka akuya, aka aika kira. Waɗanda suka zo ba su cika inuwar bishiya ɗaya ba. Wani tsohon kan tudu ya leƙa randar ya ce shi ba mai jego ba ne, ya saɓa fartanyarsa ya koma. Kawu ya shiga gonar nan da 'ya'yansa kamar zai kashe kansa, amma ciyawa ta fi ƙarfinsu, dawar ta tsaya iya gwiwa. Shekarar nan mun sha miyar kuka ba tuwon kirki, kuma shi ne mutumin da ya saba ciyar da wasu. Da wata daminar ta zagayo, na gan shi ya ɗora dawa a kan keke ya nufi gidan mai dafa burkutu. Ya ga na gan shi, ya kau da kai.

Amma bai taɓa laɓewa bayan al'ada ba, ko da mu muka so mu laɓe masa. Na taɓa ce masa ai ba laifinsa ba ne, dangi ne suka tilasta shi. Ya ce, "A'a, ɗiyata. Ƙwarya ta hwarko ta dangi ta. Ta biyu tawa ta, ba wanda yab ba ni ita." Wani lokaci kuma in ya farfaɗo yakan zauna bakin rumbu ya yi ta duban hannuwansa. Ya ce da safe zuciyarsa da ƙafarsa hanya ɗaya suke bi, in rana ta yi sai kowace ta kama gabanta, shi kuma a bar shi a tsakiya yana kallo.

Kada in yi masa kwalliyar da bai yi wa kansa ba. In ya sha ba shi da kyan gani. Ya taɓa zagin Inna a tsakiyar kasuwar Wara da kalmomin da ba zan rubuta ba. Ya taɓa fasa mata tukwane. Ta sha ɗauko shi a baro daga bakin hanya, tana turawa yara na bin ta suna dariya. Washegari sai ka gan shi da tulu a ka yana ɗebo mata ruwa daga rafi, namiji da furfurarsa, mata na ba shi hanya suna rufe baki. Inna ba ta cewa sannu, ba ta kuma hana shi. Sai ya cika duk randunan gidan sannan ta ajiye masa abinci.

Abin da ya raba shi da sauran masu kurɓa shi ne, ba a taɓa kai ƙararsa ba. Shi ke kai ƙarar kansa. Ran Lahadi ana gama sanarwa sai ya miƙe, hularsa a hannu, ya ce, "Jama'ar Allah, na sake." Daga nan ya ɗauki sandarsa ya koma bencin baya tun kafin dattawa su yi zama a kansa. An dawo da shi gaba ya fi a ƙirga, an mai da shi baya ya fi a ƙirga. Har yaran ƙauye suka sa wa bencin nan sunansa.

Wannan hali ne ya haɗa ni faɗa da shi, faɗan da ban taɓa yi da kowa irinsa ba. Aurena ya faɗo a ƙarshen damina. Shi ne zai riƙe hannuna ya kai ni gaban Fasto, ya ɗinka sabuwar riga tun da wuri. Ana saura mako biyu aka yi gayyar noman ƙarshe, ya sha, amma a wannan karon a gona ya kwana, ba wanda ya gan shi sai mutanen gida. Na durƙusa na roƙe shi ya yi shiru har bayan biki. Ya ce to. Ran Lahadi ina zaune cikin mawaƙa na ga ya miƙe da hula a hannu. Ranar aurena wani ƙanen mahaifina da ban gan shi fiye da sau biyu ba shi ya riƙe hannuna, Kawu na can baya cikin sabuwar rigarsa.

Na tare a Yelwa ban yi masa sallama ba. Da aka yi girbi sai ga shi a ƙofar gidana da buhun dawa a bayan ɗan acaɓa. Na bar shi a tsaye. Na ce masa ya fi son a ce shi mai gaskiya ne da ya rufa mini asiri, na ce har tubansa ma son kai ne. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na yi niyyar yin shiru, ɗiyata. Na shiga da niyyar. Da anka hwara waƙa sai nig ga na tashi." Na ce to ya tashi daga ƙofata ma. Bai tashi ba. Ya zauna a kan buhun har la'asar, maƙwabta na wucewa suna gaishe shi, har kunya ta sa na fito da ruwa. Har yau ban tabbata maganar da na faɗa masa ƙarya ce duka ba, kuma ban tabbata gaskiya ce ba.

Bana ma gayyar ce. Ya sha, ya miƙe ran Lahadi, ya koma baya. Sai dai a wannan karon, yana cikin horon, ran kasuwar Wara aka gan shi a rumfar burkutu, ba gayya ba dangi. Ya dawo gida ya ce wa Inna zai faɗa ran Lahadi. Ran Juma'a ya faɗi a gona, gefen jikinsa ɗaya ya mutu, bakinsa ya karkace. Bai kai Lahadin ba. Shi ya sa dattawa suka ce faɗin da ya yi a baya ba zai wadatar ba, akwai wanda bai faɗa ba.

Da la'asar ɗin ranar rasuwar, da mutane suka ɗan ragu, ni da Yaya, babban ɗan Kawu, muka ja Inna cikin ɗakinta. Na tambaye ta abin da ya ce a mota. Ta ce bakinsa ya yi nauyi, da ƙyar ta gane. Cewa ya yi a ɗaure ɗan maraƙin nan kada ya shiga gonar mutane. Daga nan bai sake magana ba.

Yaya ya ce, "Inna, ki ce ya kira sunan Yesu. Kalma guda ta. Wa zai ce ba haka ba na?"

Ni na fi shi zafi. Na ce mata mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana tuba, don mutuwa ta riga Lahadi zuwa ba za a jefa shi rami kamar bare ba. Na ce ai ya faɗa mata zai faɗa, wannan ma tuba ne, ta mai da maganar cikin mota kawai, ba ta ƙara komai ba. Na ce ta duba waɗanda za su zo su yi masa hukunci, ta san wanda ke aika jikansa da galan sayen burkutu a ɓoye a cikinsu. Na ce in ba ta yi don shi ba ta yi don mu, da za a yi ta nuna mu ana cewa ga 'ya'yan wanda coci ta ƙi. Ba abin da ban faɗa ba. Inna na zaune bakin gado tana murza gefen zanenta. A ƙarshe ta ce, "Na ji." Na fita da tabbacin mun gama.

Da hantsi suka zo, Fasto da dattawa, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Fastonmu yaro ne a kan Kawu, kuma yana ƙaunarsa, kowa ya sani. Yadda ya jera tambayar ma ya isa ka gane abin da yake so ya ji. Ya ce, "Mama, mun san Baba. Mun san zuciyarsa. In ya ce wani abu a hanya, ko kalma guda, ko sunan Ubangiji, ki faɗa mana, mu kuwa ba za mu tsananta bincike ba."

Matan zumunta na tsaye bayan zana da ledojinsu. Inna ta buɗe baki ta rufe. Sannan ta ce, "Cewa yay yi a ɗaure maraƙi."

Fasto ya gyara zama. Ya ce, "To bayan wannan fa? Ko da bai iya magana ba. Ko ya ɗaga ido sama, ko ya riƙe hannunki ya matse, kin gane abin da yake nufi?"

Ta ce, "Ya riƙe hannuna. Mota na jijjiga ta, shi ya sa."

Babban dattijon, sa'an Kawu da suka buga tubalin coci tare, ya rufe fuskarsa da hula, kafaɗunsa na rawa. Amma da ya sauke hular cewa ya yi doka doka ce, in an karya ta yau gobe ba abin da za a faɗa wa matasa. Suka yi addu'a suka tashi. Na bi su da ido, na ji kamar in ɗauki muciya.

Daga gida aka ɗauke shi zuwa kabari, ta hanyar da ke bi bayan coci. Ƙofar cocin a rufe take. Matan zumunta sun biyo mu da kayan gida, ba waƙa. Danginmu na kan tudu suka karɓi akwatin daga hannun matasa suka ce su ma nasu ne, Alhajin Yelwa ya tsaya daga nesa hannuwansa a bayansa har aka gama. Addu'ar Fasto gajeriya ce kamar yadda doka ta ce, sai dai muryarsa ta karye a tsakiya, ya tsaya, ya sake farawa. Aka tura ƙasa aka watse.

Duk kwanakin makoki ban yi wa Inna magana ba sai ta dole. In na kawo mata abinci in ajiye in juya. Ranar da zan koma Yelwa na shiga yi mata sallama, na same ta tana ninke kayansa. Na yi niyyar in ce sai wani lokaci in fita, amma bakina bai bar ni ba. Na ce, "Inna, ke da kika ce kin ji. Mutumin nan kin tura shi a baro, kin sha zaginsa, kin yafe. Kalma ɗaya ce ta gagare ki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na shirya ta. Tun da kunka fita nika maimaita ta, har ta zauna mini a baki. Da Fasto yat tambaya, ta zo nan." Ta taɓa wuyanta. "Na so in hwaɗa, ɗiyata. Ban taɓa son wani abu awa yadda nis so wanga ba."

Na ce, "To me ya hana?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta dube ni. Ta ce, "Ban san abin da za a tambaye shi can ba. Amma duk abin da yat tahi da shi nashi na, ya san shi, zai iya tashi shi hwaɗa. In na ɗora mishi ƙaryata, bai san da ita ba. Kayanshi sun ishe shi."

Na ɗauki jakata na fita, ɗan acaɓa na jira a ƙofa.

Har yau raina bai kwanta ba. Wata rana in ga dattawa sun zalunce shi, wata rana in ga Inna ce ta fi mu duka saninsa, wata rana in ji haushinsa shi kansa da bai iya tsayawa a ƙwarya ɗaya ba. Na je coci a Yelwa na zauna a gaba, aka miƙo jibi na karɓa. Allah da ya ga tashinsa da faɗuwarsa, ya kuma ga wanda bai kai ga faɗa ba, ya yi masa abin da mu muka kasa. Allah ya ba Inna ƙarfin zama a gidan nan ita kaɗai.